Injiniya da Tankin Saman Bene

Ba kowane gida ne Allah ke yi wa baiwa da mutum irin Injiniya ba. Wani gidan sai ya shekara hamsin bai samu ko mai iya ɗaura ƙwan fitila ba. Mu kuwa a benenmu mai hawa uku da iyali goma sha biyu, namu yana nan a hawa na biyu, ƙofar farko ta hagu, kuma ba mu nema ba aka ba mu.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a wata ma'aikata, shi ne mai riƙe makullan ɗakin ajiya. Masu hassada suna cewa ba ta wannan hanyar ake zama injiniya ba. Sun manta cewa a cikin ɗakin ajiyar nan akwai matattun janareto guda uku, kuma shi kaɗai ke ganinsu kullum. Ranar da ya yi ritaya ya dawo gida da hular kwano mai ruwan ɗorawa, irin ta masu gini, ya ce kyauta aka ba shi saboda ƙwazo. Tun ranar bai rabu da ita ba. Da ita yake zuwa sayen burodi, da ita yake zama a baranda shan iska. Matarsa, Maman 'Yan Biyu, ta ce in zai kwanta a kan filo yake ajiye ta, ita kuma ta ɗan matsa.

Sunan kuwa ya samo shi ne ranar da rediyon tela mai shago a ƙasan benen ya mutu. Ya karɓa, ya jujjuya, ya buɗe bayansa, ya hura masa iska sau uku, sannan ya ce a kawo sabon batir. Rediyo ya tashi. Tela ya ce, "Sannu Injiniya," yana dariya. Injiniya bai ji dariyar ba, sunan ya ji. Kafin mako ya zagayo ya buga shi a kati.

Ruwan gidan daga rijiyar burtsatse yake, a tsakar gida. Inji ne ke tura shi sama zuwa wani baƙin tankin roba da ke kan rufin bene, wanda tsayinsa ya ɗan ɗara na mutum. Shekara da shekaru mai kula da shi ita ce Iya ta Sama, wata tsohuwa da ke hawan ƙarshe. Kullum da safe in ta hau shanya sai ta bi jikin tankin da bayan ludayi tana ƙwanƙwasawa, daga sama zuwa ƙasa. Inda ƙarar ta daina amo, nan ruwa ya tsaya. In ya yi ƙasa ta leƙo ta ce a kunna inji, in ya cika ta ce a kashe. Ba a taɓa wuni babu ruwa ba. Wannan shi ne abin da ya daɗe yana damun Injiniya, domin tsarin da ba ya lalacewa ba ya neman injiniya.

Sai ya kafa kwamitin ruwa. Aka yi zaɓe a ɗakinsa, shi kaɗai, ya ci ba hamayya. Ranar Asabar ya tara mu a gindin matakala.

"Jama'a," ya ce, "duniya ta yi nisa. Ana can ana tura na'ura zuwa duniyar wata, mu muna nan rayuwar mutum sittin ta rataya a kan ludayi. Ludayi ba shi da lamba. Ludayi ba ya ba da rahoto. In manya suka zo yau suka ce kashi nawa ne ruwanku, me za mu ce musu? Mu ce ƙwam-ƙwam?"

"Ka ce musu akwai ruwa," in ji Iya ta Sama.

Ba a rubuta wannan a takardar taro ba.

A cikin masu sauraro akwai mutum ɗaya da jawabin bai ba ta dariya ba. Ita ce Mai Wanki, ƙanwar Maman 'Yan Biyu uwa ɗaya uba ɗaya, mai ɗan shago a ƙasa kusa da na tela. Shekara biyu ke nan da rasuwar mijinta, da wanki da guga take riƙe yara uku. A makon nan ne wani ƙaramin asibiti ya yarda ya gwada ta: za a kawo mata zannuwan gado arba'in ranar Talata, mota ta zo ɗauka ranar Alhamis ƙarfe biyar na yamma. In sun fita tas kuma a kan lokaci, aikin ya zama nata kowane mako. In an samu akasi, za a mayar wa kamfanin da ke wanki da inji, kuma ba za a sake waiwayarta ba.

Da aka watse ta bi shi har matakala.

"Yaya, don Allah ka ɗaga gwajin nan sai an wuce Alhamis."

"Ƙanwa," ya ce, yana gyara hular kwano, "kimiyya ba ta jiran zanin gado."

Kayan aikin sun iso a wani ɗan kwali. Akwai ɗan koren allo da bai fi kwalin ashana biyu ba, shi ne ƙwaƙwalwar na'urar. Akwai ɗan gilashi mai nuna lamba. Akwai makunni mai kunna inji da kansa in ƙwaƙwalwar ta umarce shi. Sai kuma abin aunawa, mai zagayayyun idanu biyu kamar na kwaɗo. Ana ɗaura shi ne a rufin tanki daga ciki yana kallon ƙasa. Ido ɗaya ya aika wata ƙara da kunne ba ya ji, ƙarar ta bugi abin da ke ƙasa ta dawo, ɗayan idon ya kama ta, sai na'ura ta lissafa nisan.

Ke nan abin da idanun ke aunawa ba ruwa ba ne. Filin da ke tsakaninsu da fuskar ruwa suke aunawa, wato wurin da babu ruwa. Wanda ke son sanin yawan ruwan sai ya ɗebe wannan nisan daga zurfin tanki. Wannan bayanin yana nan a cikin bidiyon da Injiniya ya koya da shi, a minti na goma sha ɗaya. Injiniya ya kashe bidiyon a minti na tara. Ya ce ya riga ya gane inda aka dosa, kuma mai koyarwar ya cika maimaita magana.

Saboda haka na'urar Injiniya ta zo duniya da kanta a ƙasa. In tanki ya cika sai ta nuna ƙaramar lamba, in ya bushe ta nuna ɗari. Ya kuma umarce ta da ta kunna inji duk lokacin da lambar ta gaza ashirin, ta kashe shi da zarar ta wuce.

Ranar Lahadi ya yi aikin da hannunsa. Ya huda rufin tanki daidai tsakiya, ya ɗaura idanun. Ya cire tsohon makunnin da kowa ke dannawa da yatsa, ya ce makunnin hannu ƙofar ɓarna ce. Sabon ya sa shi a akwatin ƙarfe ya datse da kwaɗo, makullin ya rataya a ƙugunsa. Ya kewaye tankin da igiya, ya manna takarda cewa an haramta ƙwanƙwasawa, domin tana rikita wa na'ura tunani. Gilashin lamba kuwa ya kafa shi a bango dab da ƙofarsa, yadda duk mai son sanin halin da ruwa ke ciki sai ya gaishe shi tukuna.

Da safiyar ranar Iya ta Sama ta riga ta sa an cika tankin har baki. Da Injiniya ya haɗa waya ta ƙarshe, gilashi ya kawo haske ya nuna shida.

"Kun gani?" ya ce. "Kashi shida cikin ɗari. Muna bakin halaka ba mu sani ba. Da mun biye wa ludayi, da gobe sai dai a ji labarinmu."

Inji ya tashi da kansa, aka yi tafi. Bayan minti biyu ruwa ya fara tumbatsa daga saman tanki. Ya mamaye rufin bene, ya samu ƙofar matakala, ya gangaro hawa-hawa cikin natsuwa kamar baƙon da ya san gidan. Ya kwashe takalman da ke ƙofofi ya tara su a ƙasa gaban shagon tela. Injiniya na tsaye a ƙofarsa, ruwa na wanke masa idon sawu, yana sanar da masu wucewa cewa gidan na cikin matsanancin ƙarancin ruwa.

"Wannan da kuke gani ba na tanki ba ne," ya ce. "Tanki kashi shida ne. Ga shi a rubuce."

"To na ina ne?" in ji tela, yana tsamo silifas ɗinsa.

"Ana bincike."

Awa uku aka yi a haka, sai aka ɗauke wuta. Ba a taɓa ɗauke wuta a gidanmu an yi godiya irin ta ranar ba.

Wutar ba ta dawo ba sai Litinin da hantsi. Kafin nan an yi wanka, an yi wanke-wanke, ruwan tanki ya sauka, lambar da ke gilashi kuma, wanda ke aiki da batir, ta hau zuwa ashirin da bakwai. Da wuta ta dawo inji bai motsa ba, tun da a ganin na'ura al'amura sun daidaita. Injiniya ya fito da kujera da littafi ya zauna gaban gilashin. A nan ne ya gano abin da manyan masana suka shekara dubu ba su gano ba.

Ya lura duk lokacin da aka buɗe famfo a wani ɗaki, lambar sai ta ƙaru. Bai yi gaggawa ba, domin shi mutum ne mai bin ƙa'ida. Ya sa Maman 'Yan Biyu ta buɗe famfon kicin ta bar shi yana zuba, shi kuma ya zura wa gilashi ido. Arba'in da ɗaya. Arba'in da biyu. Ya ce ta rufe. Lamba ta tsaya. Ya cire hular kwano, ya share goshi, ya mayar.

Da safiyar Talata muka tarar da sanarwa a kowace ƙofa. Binciken kwamiti ya tabbatar cewa ruwa kamar tsokar jiki yake, amfani ne ke ƙara shi, ajiya ce ke rage shi. Inji kuwa, kamar yadda aka gani ranar Lahadi, awa uku ya yi yana aiki bai ƙara ko kashi ɗaya ba. Don haka ana umartar kowane gida ya buɗe famfunansa rabin awa da safe, rabin awa da yamma, domin a cika tanki.

Ba kowa ya bi ba. Amma Injiniya ya bi ƙofa-ƙofa da littafinsa yana kasa kunne, kuma akwai mutanen da sun gwammace su zubar da ruwa da su saurari bayani a tsaye. Lamba ta yi ta hawa. Sittin. Saba'in da biyar. Duk wanda ya zo wucewa sai Injiniya ya nuna masa gilashi da haɓa, ba ya ko magana, don aikin ya fi ƙarfin magana. Maman 'Yan Biyu ta buɗe nata famfon kamar yadda aka umarta, sai dai ta tara bokiti a ƙarƙashi, in ya cika ta ɓoye a bayan labule.

Zannuwan asibiti sun iso da yammacin Talatar. Ranar Laraba tun da sassafe Mai Wanki ta jiƙa su cikin manyan bahuna huɗu da garin sabulu da bilic, ta cuɗa su ɗaya bayan ɗaya har yatsunta suka yi fari. Da ta zo ɗauraya, famfo ya yi tari sau biyu, ya tofar da ɗan abin da ya rage a maƙogwaronsa, ya yi shiru.

Ta hau hawa na biyu da kumfa har gwiwar hannu. Ta tarar da Injiniya yana ɗaukar gilashi hoto.

"Yaya, famfo ya bushe."

"Dubi can."

"Na gani. Ɗari."

"To?"

"To ni ba da lamba nake ɗauraya ba."

Ya yi murmushin da manya ke yi wa wanda bai yi nisa a karatu ba. "Ƙanwa, kin taɓa ganin mutane sun cika ɗaki maƙil, kowa na son fita, suka toshe ƙofa, aka rasa mai fita? To haka ruwan nan ya yi. Cika ce ta yi masa yawa. Ki ba shi lokaci ya shirya kansa."

"Ba ni makullin in kunna inji minti talatin."

"A kan tankin da ke kashi ɗari? So kike ya fashe a kanmu?"

Maman 'Yan Biyu ta leƙo daga kicin. "Baban 'Yan Biyu, ƙanwata ce fa. Abincin yaranta ne a cikin bahon nan."

"Na'ura ba ta da suruka," ya ce, ya dafa makullin da ke ƙugunsa.

Mai Wanki ta sauka. Ta kira masu tankar ruwa, suka ce sai Asabar. Ta bi gidajen maƙwabta da bokiti, aka ba ta abin da ya sawwaƙa. Yayarta ta fito da na bayan labule, Iya ta Sama ta bayar da na randarta. Duk aka haɗa, zani shida aka ɗauraye. Sauran talatin da huɗu suka kwana a cikin bilic, ita kuma ta san abin da bilic ke yi wa yadi in ya daɗe.

Shi kuwa Injiniya ya wuni yana rubuta takardun gayyata. Kashi ɗari ba abin da mutum zai riƙe shi kaɗai ba ne. Ya gayyaci shugabannin benaye uku da ke layinmu su zo ranar Alhamis ƙarfe goma na safe su shaida, su kuma yi tunanin makomar nasu tankunan.

Sun zo, su uku, cikin kaya masu guga. An hau da su rufin bene, inda aka shimfiɗa mayafi a tebur, aka jera kwalaben lemo, aka ɗora gilashin lamba a tsakiya bayan an ƙara masa tsawon waya. Mutanen gida ma sun hau, galibi ba su yi wanka ba. Mai Wanki kaɗai ta zauna a ƙasa gaban bahunanta, famfo a buɗe, tana kallon bakinsa.

"Manyan baƙi," in ji Injiniya, "abin da kuke gani a gabanku ba lamba ba ce kawai. Tarihi ne. Ranar Lahadi na karɓi gidan nan yana kashi shida. Yau kwana huɗu, ba tare da inji ya juya ko sau ɗaya ba, ga mu a kashi ɗari. Ban ce ni kaɗai na yi ba. Amma na duba ban ga wani ba."

Ɗaya daga cikin baƙin, wani dattijo marar yawan magana daga benen da ke kallon namu, ya ajiye kwalbarsa ya ce ko za a iya ganin ruwan.

"Da ido?" in ji Injiniya. Abin ya ɗan ba shi kunya a madadin baƙon. Amma ya sa aka jingina tsani, ya hau, ya buɗe murfin da ke gefen rufin tankin, ya leƙa. Ya daɗe yana leƙawa.

"Ruwan ya yi tsabtar da ba a ganinsa," ya ce.

Dattijon ya ɗauki murfin kwalbar lemo ya miƙa wa tela, tela ya cilla ta bakin tankin. Kowa ya ji lokacin da ya faɗi a kan busasshiyar roba, ya yi 'yar rawa, ya kwanta.

Fuskar Injiniya ta canja. Ya ce tun da an zo da shakka, shi da kansa zai shiga ya ɗebo musu a tafin hannu. Aka kawo ƙaramin tsanin ƙarfe aka zura ciki. Ya tura ƙafafu, ya tura ciki da ƙyar, hular kwano ta bi bayansa ta ɓace. Muka ji takunsa a ciki, ƙwas, ƙwas, yana neman ruwa. Ya isa tsakiyar tanki ya tsaya, daidai ƙarƙashin idanun nan biyu.

Idanun suka aika ƙararsu, ta bugi hular kwano a nisan taki ɗaya ta dawo. Lambar da ke kan tebur ta faɗo daga ɗari zuwa goma sha biyu. Can ƙasa wani abu ya yi ƙyas a cikin akwatin ƙarfe, inji ya yi gurnani, bututu ya girgiza, ruwa ya feso cikin tanki ya sauka a kafaɗar Injiniya.

Ya yi tsalle gefe. Lamba ta koma ɗari. Inji ya mutu.

Daga ƙasa muryar Mai Wanki ta biyo matakala: "Ya zo. A'a, ya tafi."

Iya ta Sama ba ta taɓa kallon bidiyo ba. Ta dubi gilashi, ta dubi tanki. Ta taka har jikinsa ta ce, "Ɗan nan, koma inda kake tsaye ɗazu."

"Iya, wannan al'amari ne na fasaha."

"Na sani. Koma."

Ya koma, ƙila don ya nuna mata kuskurenta. Goma sha biyu. Ƙyas. Inji ya tashi.

"Matsa."

Ɗari. Shiru.

"Koma. Yawwa. To tsaya nan."

Maman 'Yan Biyu ta hau tsanin waje, ta leƙa ta ga mijinta tsaye ruwa na zuba a gefensa. Ta zura hannu ta jawo ƙaramin tsanin ta fito da shi. Ta ce yana da tsatsa, kada ya ɓata ruwan. Sannan ta ce ya miƙo takalmansa da safa, don zannuwan na asibiti ne.

Da wani mutum ne daban, da ya nemi a fitar da shi, ko ya yi shiru don kunya. Amma ba a banza Allah ya ba mu Injiniya ba. Muryarsa ta fito daga ciki, ta yi kauri da amo, kamar ana magana daga cikin rijiya.

"Manyan baƙi, kun shaida da idonku. Na'urar ta gane mai ita. Ba ta karɓar umarni daga kowa sai wanda ya ƙera ta. Wannan matakin tsaro ne da na sa da gangan, ban sanar ba ne don kada a kwaikwaya."

Babu wanda ya tsaya jin ƙarshen. Matan gidan sun riga sun gangara. Aka jera bahuna a tsakar gida, wasu na ɗauraya, wasu na matsewa bibbiyu, wasu na hawa da zannuwa a ka zuwa igiyoyin shanya. Ruwan na shiga tanki ta sama yana fita ta ƙasa, don haka bai wuce ƙaurin Injiniya ba. Matsalar ɗaya ce: mutum mai shekara sittin da biyu ba ya iya tsayuwa cak kamar turke. In ya sunkuya sosa ƙafa, ko ya jingina da bango ya huta, inji ya mutu, ba a jimawa famfo ya rage ƙarfi, sai a ji muryar Mai Wanki ta taso daga ƙasa, hawa na ɗaya ya miƙa wa na biyu, na biyu ya miƙa wa na uku:

"A ce wa Yaya ya miƙe."

Sai ya miƙe.

Manyan baƙi sun shanye lemo. Dattijon ya naɗe hannun riga ya taya shanya zani biyu, sannan su ukun suka tafi ba tare da sun tambayi farashin na'ura ba. Injiniya bai san sun tafi ba. Ya ci gaba da yi musu bayani a kan matakai bakwai da zai bi ya kai fasahar ga sauran unguwanni, fararen zannuwa na kaɗawa kewaye da tankin, babu mai saurare sai Iya ta Sama da ke zaune a inuwa tana gyangyaɗi.

An gama ɗauraya sha biyu da rabi. Maman 'Yan Biyu ta ce tun da yana ciki, gara ya ƙara haƙuri a tara wa gida na wanka. Aka rufe famfuna, ruwa ya hau gwiwa, ya hau cinya, ya kai inda makullin ke rataye. A nan ta mayar masa da tsani. Ya fito yana ɗiga, yatsun ƙafarsa sun yamutse, ya tambayi ina baƙi. Aka ce sun tafi cike da mamaki. Ya ce ya san za a yi haka.

Rana ta yi aikinta. Tela ya rufe kekensa ya kawo nasa dutsen guga, aka haɗa da na Mai Wanki da na hawa na ɗaya. Biyar saura minti goma motar asibiti ta tsaya a ƙofa. Matar da ta zo karɓa ta ƙirga arba'in, ta zaro ɗaya daga tsakiya ta warware, ta ɗaga shi ga haske, ta shinshina. Ta ce ranar Talata za a kawo sittin. Mai Wanki ta jira motar ta sha kwana, sannan ta zauna a kan bokiti ta rufe fuska da hannuwanta da suka tsattsage.

Ranar Asabar Injiniya na kwance da mura, bargo har wuya, littafi a kan ƙirji. Yana tsara jadawali: zai riƙa shiga tanki Talata da Asabar, awa biyu-biyu, kuma ya kamata gidan ya fahimci irin sadaukarwar da ke cikin wannan. Yana cikin rubutu ya ji ƙyas, inji ya tashi. Ya kasa kunne. Inji ya ci gaba da aiki lafiya lau, babu tsayawa, babu sosa ƙafa.

Maman 'Yan Biyu ta shigo da kofin ruwa da ƙwayar magani. Ba ta gaya masa ta hau sama da murfin tukunya da igiya ba, ta rataye shi a ƙarƙashin idanun, in ruwa ya isa a janye.

"Wa ke cikin tankina?" ya ce.

"Mataimakinka."

"Wa ya naɗa shi? Me ya sani game da ruwa?"

"Abin da ka sani," ta ce, ta miƙa masa maganin.